Raunin da Ke Huda Wuya a Fagen Wasanni

A wajen likitoci, ana cewa rauni ya huda wuya ne idan abin da ya soki mutum ya keta wata siririyar tsoka da ke shimfiɗe a ƙarƙashin fata, domin a bayanta ne maƙogwaro da manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suke cunkushe. Reshen itace ga mai tseren keke a daji, ko kibiyar maharbi, duk suna iya kaiwa can. A shekarar 1989 a birnin Buffalo na Amurka, kaifin takalmin wasan ƙanƙara ya yanki wuyan mai tsaron gida Clint Malarchuk, kuma ya rayu ne saboda jami'in lafiyar ƙungiyarsa ya danne jijiyar da yatsunsa har likitoci suka karɓe shi.

Kuskuren da ya fi muni, wanda kuma tausayi ne ke jawo shi, shi ne zare abin da ya cake, alhali sau da yawa shi ne ya toshe jijiyar da ta fashe. Abin da ya dace shi ne a tallafe shi da tsumma mai tsabta, a danne gefen raunin da hannu, ba tare da an ɗaura wani abu ya zagaye wuyan ba, sannan a kwantar da majinyacin muddin yana iya numfashi a kwance, don kada iska ta shiga jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Ba a ba shi ruwa.

A asibiti hanyar numfashi ake fara tabbatarwa, kafin hoton jijiyoyi ko tiyata.