Makarantun Yarmuk da Kuɗin Hukumar UNRWA

Yau za mu leƙa Siriya, ƙasar da Falasɗinawa suka fake a cikinta tun 1948, sai ga shi yaƙi ya riske su a can ma.

Sansanin Yarmuk da ke kudancin Damaskus, wanda aka kafa a 1957, ya taɓa ɗaukar Falasɗinawa kusan 160,000. A Disamban 2012 jiragen yaƙi suka yi masa ruwan bama-bamai, akasarin mutane suka tsere. Waɗanda suka rage aka yi musu ƙawanya, yunwa ta kashe wasunsu. A 2015 mayaƙan ISIS suka kutsa, kuma kafin gwamnatin Siriya ta karɓe wurin a 2018, makarantun sansanin sun zama kufai.

Duk da haka karatu bai tsaya cak ba. Hukumar UNRWA ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinawa, ta aro gine-gine, ta raba yara kashi biyu, 'yan safe da 'yan yamma, ta buga littattafan karatun gida don waɗanda hanya ta tsare.

Matsalar ita ce kuɗi. Hukumar da gudummawar son rai take rayuwa, kuma Amurka, wadda a da ta fi kowa bayarwa, ta janye hannu a 2018, ta sake janyewa a 2024. Idan asusu ya yi ƙasa, sai malami ya jira.

Ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suna da halin cike giɓin nan. Su cike shi.