Ranar da na ɓata shayin Japan a Tudun Wada

Yau kaina zan fara tona wa asiri.

Yayana da ke karatu a Japan ya aiko min da ɗan ƙullin ganyen shayi, giram 50 kacal, sunansa gyokuro. Ya ce in lallaɓa shi, da tsada. Na ce haba Yaya, ɗan Tudun Wada za a koya wa shayi? Da daddare na kai majalisarmu, muka hura gawayi, na juye rabinsa a buta, muka bar shi yana ta tafasa irin dahuwar Buzaye. Wallahi ɗaci kamar maɗaci! Muka antaya sukari, abokai na ta dariya wai an damfari Yaya.

Da na kira shi, salati ya fara yi.

Ashe Lipton ɗin mai shayi, da na Mambilla a Taraba, da koren China da Buzaye ke dafawa, da wannan na Japan, duk itace ɗaya ne. Iri da sarrafawa ne suka raba su. A Japan irin da ya fi yawa shi ne Yabukita, wanda wani manomi, Sugiyama Hikosaburo, ya zaɓo a Shizuoka a 1908. Shi kuma gyokuro, sai an yi wa gonar rumfa kusan kwana 20 kafin a tsinki ganyen. Inuwar ce ke rage masa ɗaci, ta ƙara masa garɗi. Tafasasshen ruwa kuwa, ɗacin da ya rage yake jawowa waje. Wato wahalar manomin nan na dafe.

Yaya ya ce ruwan kada ya wuce digiri 50 zuwa 60. Ina na ga ma'auni? Ya ce in tafasa, in yi ta juyawa daga kofi zuwa kofi har in iya riƙewa ba ƙuna, in zuba kaɗan a kan ganyen, in jira minti 2. Babu sukari.

Na gwada ni kaɗai bayan Asuba. Kamar romo, jama'a! Kuma ganyen ya ba ni zagaye uku, kamar dai na Buzaye.

Gaskiya a daren hunturu har yanzu na Buzaye nake so, mai kumfa. Amma ragowar nan, majalisa ba za ta sake ganinsa ba.

Wa ke da koren shayi a gida yana kukan ɗaci? Gwada barin ruwan ya huce, ka faɗa mana a ƙasa. Sai shiri na gaba.