Waƙarka ce, amma aljihun wa kuɗin ke shiga?

 Yau magana ce a kan satar fasaha, musamman ta waƙa, da yadda mawaƙi zai ci guminsa a intanet.

Da dama cikinmu mun taso mun ga zamanin kaset da faifan CD. A lokacin, mawaƙi ko furodusa zai kai aikinsa wajen 'yan kasuwa, a Kano Ƙofar Wambai, a Legas kasuwar Alaba, a buga a sayar. Masu satar fasaha su ma su buga nasu, su karya farashi. Daga baya sai ga 'yan downloading, masu teburi da kwamfuta a bakin titi, ka miƙa memori a cika maka shi da waƙoƙi a kuɗi kaɗan. Mai waƙar ko sisi ba ya gani. Haka kasuwar faifai ta durƙushe.

To yanzu satar ta sake kama. Mawaƙi zai fito daga situdiyo da ɗokinsa, ya tura wa abokai sabuwar waƙa ta WhatsApp su ji. Kafin gari ya waye, wani can ya ɗora ta a tasharsa ta YouTube, ya manna hoton mawaƙin. Mutane su yi ta kallo, talla na fitowa, kuɗi na shiga asusun wanda ko baiti ɗaya bai rubuta ba. Wannan ita ce ɓarnar da ta fi damuna, domin ita kam tana da magani.

Mu fara da doka. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Daga cikin abin da ta zo da shi, mai aiki zai iya rubuta wa dandalin intanet ƙorafi a sauke kayansa da aka ɗora ba da izininsa ba. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wato NCC, ita ke lura da wannan fanni. Kuma ku sani, da zarar ka tsara waƙarka an naɗe ta, haƙƙinka ya tabbata ko ba ka yi rajista ba. Rajistar shaida ce da za ta taimake ka ranar rigima.

Amma fa doka ba za ta yi maka aikinka ba. Abu na farko shi ne takarda. Waƙa ɗaya haƙƙi biyu ne a cikinta, na wanda ya tsara baitoci da kari, da na sautin da aka naɗa a situdiyo. Idan furodusan fim ya biya ka ka yi masa waƙa, hayarta ya ɗauka ko sayenta ya yi gaba ɗaya? Mai kiɗan fa, yana da kaso? Doka ta ce sai a rubuce ake mallaka wa wani haƙƙin aiki. Mu kuma mun saba da "ai mun yarda da juna". Yardar tana nan daram har ranar da waƙa ta fashe, daga nan sai ka ji ana tone-tone a Facebook.

Na biyu, ka riga kowa ɗorawa. Ka buɗe tasharka ta YouTube da imel ɗinka, kada ka bar wa yaron da ke riƙe maka waya. Idan ka samu mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, za ka iya neman a fara biyanka kuɗin talla, kuma kashi 55 cikin 100 naka ne. Sannan akwai kamfanonin rarraba waƙa irin su DistroKid da TuneCore, masu kai waƙarka Audiomack, Boomplay, Apple Music da Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021. Ta hannunsu za ka iya shigar da waƙar cikin tsarin Content ID. Shi wannan tsarin yana gane sautinka duk inda aka ɗora shi a YouTube, sai ka zaɓa, ko a toshe bidiyon ko kuɗin tallansa ya dawo wajenka. Kun ga ke nan ɓarawon ya koma yi maka aiki kyauta.

Kada in yaudare ku, kuɗin sauraro ba shi da yawa, kuma kallo daga Najeriya bai kai na Ingila ko Amurka tsada ba. Har gobe wasan biki da taro da tallan kamfanoni su ne ke riƙe da yawancin mawaƙanmu. Sai dai biki na kwana ɗaya ne, waƙar da ke tasharka kuwa tana kawo ɗan abin da ta kawo ko kana barci, kuma magadanka za su gaje ta.

Mu masu saurare ma da namu. Datar da za ka ƙona a tashar ɓarawo ita ce dai za ka ƙona a tashar mai waƙar. Ka duba sunan tashar kafin ka danna. Idan za ka tura wa masoyiyarka waƙa, tura mata adireshin waƙar daga tashar mai ita, kada ka tura fayil ɗin.

A nan za mu dakata. Wanda ya san wani matashin mawaƙi a unguwarsu, ya tura masa wannan shirin. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.