Hawan Jinin Ido Da Haɗarin Maganin Da Bai Dace Ba

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai da kuka taho daga Ikara da Maƙarfi da Kudan, ina yi muku barka da zuwa. A matsayina na ma'aikacin lafiya, an nemi in ɗan yi bayani a kan gilakoma, ciwon da muke kira hawan jinin ido.

Sunan yana ruɗin mutane, domin ba jini ne ke hawa ba. Ruwan cikin ido ne ke kasa fita yadda ya kamata, sai ya matse jijiyar gani har ta mutu. Ganin da ya tafi ta wannan hanya kuwa ba ya dawowa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa, cikin 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama, wajen mutum 5 cikin 100 suna da ciwon, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Bayan yanar ido, shi ya fi makantar da mu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, maganin da ke warkar da wani ciwo yana iya cinye ganin mai wannan lalura.

Na farko, magungunan ɗigawa masu sitiroyid, irin su Betnesol da dexamethasone. Da hunturu, ko lokacin sussuka, ido kan yi ja da ƙaiƙayi, sai a garzaya kemis. Sauƙin nan take shi ke sa a yi ta ɗigawa wata da watanni, har ga yara, alhali matsin ido yana hawa a ɓoye.

Na biyu, wasu mutane mafitar ruwan idonsu a tsuke take. Magunguna irin su Piriton na mura, da Buscopan na murɗar ciki, da amitriptyline suna iya toshe ta farat ɗaya. Alamun su ne matsanancin ciwon ido da na kai, da amai, da ganin baka-gizo kewaye da fitila. Wannan ba a kwana da shi a gida.

Na uku, maganin gilakoman kansa ba na kowa ba ne. Timolol yana iya tayar wa mai asma ciwonsa, ya kuma rage bugun zuciya. Ƙwayar Diamox tana da haɗari ga mai sikila da mai ciwon ƙoda.

Saboda haka, mai wannan ciwo ya faɗa wa duk wanda zai rubuta masa magani, ko da na tari ne, ya kuma tafi da kwalabensa a gani. Kada ya daina wanda likita ya ba shi sai ya koma ya tambaya. 'Yan'uwana ma'aikatan lafiya da masu kemis, mu riƙa tambaya kafin mu miƙa magani.

Duk wanda ya kai 40, musamman mai tarihin makanta a danginsa, ya je a auna matsin idonsa. Ga Asibitin Koyarwa na Shika kusa da mu, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga Asibitin Ido na ECWA a Kano. Ina roƙon ƙungiyarmu ta gayyato masu awon ido a taro mai zuwa, a fara da tsofaffin malamanmu.

Allah Ya bar mu da ganinmu, Ya mai da kowa gida lafiya. Wassalam.