Ƙura da Jirgi Mai Saukar Ungulu: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

Shugaban taro, malamanmu masu daraja, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Da yawanmu mun ɗauka hatsarin jirgi mai saukar ungulu yana can sama ne. Alhali kuwa sau da yawa yana dab da ƙasa. Idan jirgin ya tsaya a iska kusa da busasshiyar ƙasa, iskar farfelarsa takan tayar da ƙura ta lulluɓe shi. Nan take matuƙi ya daina ganin ƙasa, jirgin ya riƙa karkata bai sani ba.

Haka ta faru a hamadar Iran a watan Afrilu 1980. Sojojin Amurka sun je ceto mutanensu da aka yi garkuwa da su a Tehran. Cikin ƙura wani jirginsu ya bugi jirgin dakon kaya, sojoji 8 suka mutu. A nan gida ma, ran 2 ga Fabrairu 2019, ƙura ta rufe jirgin Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, yana sauka a Kabba. Jirgin ya kife, amma Allah ya tsare, ba a rasa rai ba.

Jama'a, cikinmu akwai hakimai, likitoci da shugabannin makarantu. Ran da aka ce jirgi zai sauka a filin ƙauyenku, ku sa a yayyafa wa filin ruwa, a kwashe leda da langa-langa, a kori dabbobi, a janye yara nesa. Asibiti yana da nisa daga ƙauye, rigakafi kuwa ya fi magani.

Allah ya kiyaye mu.