Jawabi Ga Direbobi: Abin Da Ke Hana Tsohuwar Motar Gas Tashi Da Sanyin Hunturu

Wannan shi ne jawabin da wani tsohon makanikin manyan motoci ya yi wa direbobi da yaran mota a wata tashar mota. An gayyace shi ne saboda shigowar hunturu, lokacin da ake jigilar tumatir da albasa da hatsi daga ƙauyuka, kuma lokacin da tsofaffin motocin gas suka fi gardamar tashi da asuba.

Bayan gaisuwa, makanikin ya ce motar da ta ƙi tashi ba mai ita kaɗai take cuta ba. Manomin da ya loda kwandunan tumatir tun dare, idan rana ta take ba a bar gona ba, kasuwa ta wuce shi, kayan kuma sun fara laushi. Don haka ya roƙi direbobi su san inda za su fara dubawa, kada su yi ta murza makulli har batir ya mutu.

Ya fara da bayyana yadda injin gas yake aiki. Ya ce wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙera shi, ya kuma yi aiki sosai a shekarar 1897. Injin nan ba shi da fulogi irin na motar fetur. Fistin ne yake matse iska a cikin silinda, matsin ya sa ta yi zafin da ya haura digiri 500. Daga nan sai nozul ya fesa gas, gas ɗin ya kama da kansa. To da asubar Disamba da Janairu ƙarfen injin yana da sanyi ƙalau, yana shanye wannan zafi. Saboda haka injin yana bukatar abu uku: ya juya da sauri, ya sami gas mai tsabta, ya kuma riƙe matsinsa.

Ya ce a ƙasashen da ake ƙanƙara, gas kan yi kauri kamar kakide ya toshe filta. Amma sanyinmu, ko da na Jos ne, da wuya ya kai nan. Abin da hunturu yake yi a wajenmu shi ne tonon asiri. Duk inda mota ta yi rauni tun damina, sanyi ne zai nuna shi.

Abu na farko, in ji shi, direba ya kasa kunne. Idan aka murza makulli aka ji injin yana juyawa da kyar, ko aka ji "ƙas" kawai, to a nufi batir. Sanyi yana rage ƙarfin batir, ga shi kuma baƙin mai ya yi kauri, juya injin ya ƙara nauyi. A kwance kawunan batir, a kankare farar tsatsar da ke kansu, a ɗaure tam. A duba wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota, domin sau da yawa ita ce take sakewa. Idan batirin mai murafu ne, a ga ko ruwa ya rufe farantan ciki, a ƙara ruwan batir kawai, ban da ruwan rijiya. Cikakken batir mai bolt 12 yana nuna kamar 12.6 a ma'auni. In ya nuna 12.2, kusan rabin cajinsa ya tafi. Motar da ke aiki da batir biyu, ɗaya in ya mutu zai ja ɗayan, gara a sauya su tare. A kuma taɓa fambel, domin in ya saki, batir ba zai sami caji a hanya ba.

Ya ja kunne cewa kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15. A saki, a jira kamar minti biyu, sannan a sake. Wanda ya ƙi haƙuri zai ƙona kik, ya tashi da asara biyu. Taka kuloci yayin tayarwa yana rage wa kik nauyi.

Abu na biyu, idan injin yana juyawa da sauri amma ya ƙi kamawa, a sa yaron mota ya tsaya ya kalli bakin salansa. Makanikin ya ce hayaƙi ba ya ƙarya.

Idan babu hayaƙi ko kaɗan, gas ba ya isa silinda. A fara da abu mai sauƙi: a tsofaffin motocin da ake kashewa da jan waya, a tabbata an mayar da wayar ciki. Ya ce ya sha ganin an kwance rabin injin a kan wannan kawai. In ba nan ba ne, to iska ta shiga layin mai, ko filta ta toshe. A sassauta ƙusar fitar da iska da ke kan filta, a yi ta danna famfon hannu har gas ya fito ba kumfa, sannan a ɗaure. Motar da kullum sai an yi mata haka da safe, akwai tiyo ko wasa da ke shan iska cikin dare, a nemo wurin a gyara. Tankin da ya kwana ba mai sosai yana tara raɓa a ciki, ruwan ya kwanta a ƙasa. Maganinsa a cika tanki da yamma, a riƙa tsiyaye ruwan lokaci lokaci. Ya kuma gargaɗe su game da gas ɗin gefen hanya da aka gauraya da kananzir ko ruwa, domin yana cinye famfon injekta, gyaransa kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Idan farin hayaƙi ne mai warin ɗanyen gas, to gas yana zuwa, zafi ne bai isa ba. Motar da ke da hita, a kunna a jira fitilarta ta mutu kafin a tayar. Hita ɗaya ko biyu in sun ƙone, da zafi ba za a lura ba, sai hunturu. Wasu tsofaffin famfunan injekta suna da maɓallin ƙara mai na tayarwar safe, a yi amfani da shi. In duk wannan bai yi ba, mai yiwuwa ringi ko bawul sun ci, ko nozul yana ɗiga maimakon feshi. Alamar cin ringi ita ce shan baƙin mai da hayaƙi mai yawa daga bututun numfashin injin. Wannan aikin gareji ne, a kai a auna matsin.

Idan baƙin hayaƙi ne, iska ce ta yi kaɗan. Ƙurar hunturu tana toshe filtar iska cikin 'yan kwanaki a hanyar burji. A riƙa buɗe ta ana dubawa. Mai kwanon baƙin mai a ƙasa, a wanke kwanon a zuba sabo daidai layi.

Game da baƙin mai, ya ce mai lamba 40 zalla yana yin kauri da safe, amma mai lamba 15W-40 ya fi saurin zagayawa da sanyi. Ya shawarci kowane direba ya ajiye ɗan littafi a mota, ya rubuta ranar juye da ranar sauya filta da ranar sayen batir.

Daga nan ya juya kan dabarun da ya kira na ganganci. Hura wuta a ƙarƙashin injin ya sha cinye mota da kayanta, domin tsohuwar mota ba ta rasa yoyon mai. Tura tsumma mai fetur a bakin iska yana iya fasa ringi ko ya ƙone hannun yaron mota. Maganin feshi na tayar da injin ma bai halatta ba a motar da ke da hita, domin yana iya fashewa. Tura mota mai burkin iska a gangara alhali iska ba ta taru ba, wasa ne da rayuka. Kada kuma a sa hannu kusa da bututun nozul da ke feshi, domin ƙarfinsa yana huda fata. Wanda ya kamu da wannan a kai shi asibiti nan take.

Wani direba ya tambaya ko Baba zai ba su dabarar da ba ta da haɗari. Makanikin ya ce a kwantar da mota inda iska ba ta bugun injin, a rufe gabanta da tamfol bayan injin ya huce, a cire kafin a tayar. In ta tashi, a bar ta ta yi 'yan mintuna har ma'aunin baƙin mai da na iska su hau, kada a danna totur da ƙarfi.

A ƙarshe ya ce rigakafi ya fi magani. Ya nemi masu motoci su ba direbobinsu kuɗin duba batir da filta da hita tun watan Nuwamba, kafin sanyi ya kankama.