AMSOSHIN WASIƘUNKU: Wandon Jins Da Ba A Wankewa, Hauka Ne Ko Sana'a?

 Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin tambayar da ke cikinta tana da rassa.

Wani mai sauraronmu ne ya aiko ta, ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye da kayan gwanjo, ya kuwa roƙi a sakaya sunansa. Ya ce ƙanensa da yake ɗaukar nauyin karatunsa a birni ya zo hutu da wani wandon jins mai duhun shuni, mai tauri kamar buhu, yau wata huɗu ya hana a wanke shi. Kullum sai ya ɗauki hotonsa a waya. Ya nuna masa hotunan Turawa da Japanawa sanye da irinsa a tashoshin jirgi da kangon masana'antu, ya ce shi ma kangon wata masaƙa zai shiga ya ɗauko nasa. Har ila yau ya gaya masa wai a cikin dilar gwanjo ana iya tsintar wandon da zai yi miliyoyi. Shi ne yake tambaya: wannan abu hauka ne ko sana'a, kuma da gaske akwai kuɗi a ciki?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Ba hauka ba ne, sha'awa ce, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru ko ƙawata doki. Amma sai mun koma baya kaɗan kafin ka gane abin da suke ɗauka a hoton.

Shi dai jins asalinsa kayan leburori ne. Wani tela mai suna Jacob Davis a garin Reno na Amurka shi ya fara buga ƙananan ƙusoshin tagulla a bakin aljihu don kada ya yage. Ya haɗa kai da mai sayar masa da yadi, Levi Strauss na birnin San Francisco, suka karɓi takardar mallakar wannan dabara ran 20 ga Mayu, 1873. Masu haƙar ma'adinai da manoma da makiyaya su ne masu sayensa. Sai bayan yaƙin duniya na biyu, da 'yan fim suka fara sawa, ya zama kayan gayu.

Sirrin yana wurin rini, kuma nan ne mu Hausawa ba baƙi ba ne. Yadin jins zare biyu ne: na tsaye shi ake rinawa da shuni, na kwance fari ake barinsa, shi ya sa in ka juya wandon za ka ga cikinsa da haske. Shi kuwa shuni ba ya ratsa zare har zuciya, a baya yake kwanciya. Duk wanda ya taɓa naɗa rawani ɗan Kura ya san yadda yake barin launi a goshi, haka ma Buzu da turkuɗinsa. To duk inda wando ya gogu, shunin wurin sai ya kakkaɓe, farin ciki ya fito. Gwiwa, cinya, bayan gwiwa inda yake tattarewa, har shatar waya ko makulli a aljihu. Wandon mai babur daban, na mai durƙuso a gona daban. Yawancin jins na kasuwa an riga an wanke su a masana'anta, wasu har da duwatsu, an kuma goge su don su yi kamar tsofaffi. Su waɗannan masu sha'awa ba sa son wannan. Ɗanye suke saye, wanda bai ga ruwa ba tun da aka rina shi, su sa shi kullum, wasu wata shida kafin wankin farko, don shatar da za ta fito ta zama ta rayuwarsu. Hoton da ƙanenka ke ɗauka shaida ce ta yadda wandon ke canzawa wata bayan wata, kamar yadda manomi ke zagaya gona yana duba shuka.

Akwai ma waɗanda kan haɗa kai su sayi wando guda, wannan ya sa shi wata ɗaya a ƙasarsu, ya yi yawo da shi, ya ɗauki hotuna, sannan ya aika wa na gaba ta gidan waya. Kafin ya dawo wa mai shi ya zaga ƙasashe da dama, ya sha faci. Ni kaina da na fara jin wannan sai da na yi dariya, na tuna lokacin da nake koyarwa a firamare, yadda wandon makaranta guda kan bi 'yan gida ɗaya uku, ba mai ɗaukar hotonsa.

Cibiyar wannan harka yanzu tana Japan, a wani yanki da ake kira Kojima cikin lardin Okayama. Manoma, ku saurari wannan. Ƙasar wurin daga teku aka ƙwato ta, gishiri ya yi mata yawa, shinkafa ba ta yi, sai suka koma noman auduga. Daga auduga suka shiga saƙa da ɗinki, suka shahara da kayan 'yan makaranta. A 1965 aka fara ɗinka jins a can. Da manyan kamfanonin Amurka suka koma injunan saƙa masu sauri cikin shekarun 1980, Japanawa sai suka riƙe tsofaffin injuna masu ƙoshiya, waɗanda ke saƙa siririn yadi a hankali, bakinsa a kulle ba ya warwarewa, sau da yawa da jan zare a gefen. Shi ya sa za ka ga suna naɗe ƙafar wando a hoto, wannan bakin suke nunawa. Irin wannan wando kan kai dala 200 zuwa 300, wani ya fi haka, wasu kamfanonin ma daga Zimbabwe suke sayo audugarsu. Babbar masaƙar Amurka da ta rage tana irin wannan saƙa, White Oak ta garin Greensboro, an rufe ta a 2017. Shunin kuwa kusan duka na masana'anta ne, wanda Jamusawa suka fara sayarwa a 1897. 'Yan kaɗan ne ke rini da ganye irin namu na baba, su kuwa tsadarsu ta fi. Abin yakan tsaya mini a rai in na bi ta marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, na ga ramukan da ba a aiki da su.

Sai batun kuɗi. Gaskiya ne a 2022 an yi gwanjon wani wandon Levi's na shekarun 1880, wanda aka tsinto a tsohon ramin haƙar ma'adinai, aka sayar da shi dala 87,400 a jihar New Mexico. Amma Malam, kada wannan ya sa ka ƙi sakin kayanka. Kafin a ɗaure dila a can ƙasashen, akwai masu tsince irin waɗannan, abin da ke isowa Ƙofar Wambai ya riga ya bi ta hannu da yawa. In kana so ka duba, juya ƙafar wandon ka ga ko bakin yadin a kulle yake. A na Levi's kuma dubi ɗan jan ƙyallen da ke gefen aljihun baya: in harafin E babba ne, alama ce ta kafin 1971, ko da yake kamfanin yakan sake fitar da irinsa, ga kuma jabu. In ka ci karo da shi ka ware, ka tambayi wanda ya sani. Sauran ka sayar yadda ka saba.

Maganar wanki, a nan ban goyi bayan yaron ba. Wata shidan nan a ƙasashen sanyi aka ƙirƙiro shi. Gumi da ƙurar bazara suna cin zare, wandon ya fashe a tsakanin cinyoyi tun bai yi kyan da ake nema ba, ga ƙuraje, ga shi da shi zai tsaya salla. Sanya shi a firiji da wasu ke yi ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Ya juya shi, ya wanke da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, shi kaɗai don kada ya ɓata fararen kaya, ya shanya a inuwa. Shatar za ta fito duk da haka.

Shiga kango kuwa, nan ne nake so ka tsaya tsayin daka a matsayinka na yaya. A Turai da Amurka akwai masu bin tsofaffin masana'antu da rufin dogayen benaye don hoto, to amma hoton ba ya nuna waɗanda suka karye ko aka kama. A 2017 wani saurayi ɗan ƙasar Sin, Wu Yongning, ya faɗo daga bene mai hawa 62 a birnin Changsha yana ɗaukar kansa, ya mutu. Kango yana da mai shi ko da an rufe, rufinsa ya ruɓe, ga macizai. A wurinmu kuma mai gadi da ya ga saurayi ya haura katanga ba zai ce mai hoto ba ne, ɓarawon ƙarfe zai ce, ka kuwa san abin da ihun ɓarawo ke jawowa. In dole sai ya shiga, ya nemi izini, ya je da rana, kada ya je shi kaɗai. In kuwa wurin hoto yake nema, ka tafi da shi ran kasuwa ya taya ka ɗaukar dila, gwiwar wandon za ta yi fari kafin hutu ya ƙare.

Malam, da fatan ka gamsu. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.